Tausayin Raskolnikov: Abin da Masu Karatu Suka Tsayar

1. Tambayar da masu karatu suka tattauna ita ce: me ya sa muke tausayin mai kisan kai? Kusan kowa ya yarda cewa a littafin Laifi da Hukunci na 1866, Dostoyevski ya kulle mu ne cikin zuciyar Raskolnikov, matalaucin tsohon ɗalibin da ya kashe wata tsohuwa mai karɓar jingina. Yunwarsa, zazzaɓinsa, ɗan ƙuntataccen ɗakinsa a Sen Pitasbag, duk da shi muke jin su, shi ya sa tausayi ke riga hukunci shiga.

2. Mai neman tushen wannan tausayi ya koma wurare biyu: mafarkin dukan goɗiya a kashi na 1 babi na 5, da rubul 20 da ya ba matar Marmeladov, wani mashayi da ya sani, don jana'izar mijin nata, daga kuɗin da mahaifiyarsa ta aiko masa da ƙyar.

3. A nan aka rabu. Wasu suka ce talauci ne ya tura shi kisan. Wasu suka ce ai ko ƙirga kuɗin da ya sata bai yi ba, ƙarƙashin dutse ya ɓoye su. Girman kai ne, a duba hujjarsa cewa fitattun mutane na iya ƙetare doka, gaban Porfiry mai binciken kisan, a kashi na 3 babi na 5. Masu wannan ra'ayi sun fi hujja, a ganina.

4. An ja kunne sosai kan Lizaveta. Mutane kan tuna tsohuwar mai karɓar jingina, su manta da ƙanwarta Lizaveta da ya sara da gatari ba ta yi masa komai ba.

5. Rodion, Rodya da Raskolnikov mutum ɗaya ne. A rubuta sunayen a takarda.

6. Kada a tsallake rufewar littafin, hukuncin shekara 8 a Sibiriya. Wasu sun gamsu da tubarsa a gaban Sonya, 'yar Marmeladov da ta bi shi can, wasu na ganin an gaggauta ta.