Shin za a iya binciken samuwar duniyoyi daga nan Jos?

Ƴar bautar ƙasa, Jos:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri na farko a fannin fiziks, yanzu kuma ina bautar ƙasa a wata makarantar sakandare. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda duniyoyi ke samuwa a cikin faifan ƙura da iskar gas da ke kewaye da taurari masu ƙarancin shekaru, musamman tun da na ga hoton tauraron HL Tau da na'urar hangen nesa ta rediyo mai suna ALMA ta ɗauka a 2014. Shin mazaunin Najeriya, wanda ba shi da babbar na'urar hangen nesa, zai iya yin bincike na gaske a wannan fanni, ko kuwa dole sai ya fita waje? Me ya kamata in fara koya?

Malamin jami'a, Abuja:
Wa alaikumus salam, ƴata. Rashin na'ura kada ya karya miki gwiwa, domin yawancin masu wannan bincike ba su taɓa taka hamadar Atacama ta ƙasar Chile ba, inda eriyoyin ALMA guda 66 suke girke a tudu mai tsayin kusan mita 5,000. Galibin bayanan da na'urar ke tattarawa ana sakin su ga kowa a rumbunta na intanet bayan wata 12, saboda haka abin da ake bukata daga gare ki shi ne lissafi mai ƙarfi, da iya rubuta shirin kwamfuta da Python, da haƙurin zama a kan tambaya ɗaya.

HL Tau yana ɓangaren sama da ke kusa da Kaza da ƴaƴanta, nisan tafiyar haske ta kusan shekara 450, kuma ana ƙiyasta shekarunsa ba su wuce miliyan ɗaya ba, alhali ranarmu ta kai biliyan 4.6. Layukan duhun da ke cikin faifansa sun girgiza masana, domin idan duniyoyi ne suka share ƙurar wuraren, to suna samuwa da wuri fiye da yadda aka zata. Ki kuma sani cewa Miriam Keppler tana ɗalibar digirin digirgir a Heidelberg ta Jamus lokacin da ta jagoranci aikin da ya gano duniyar PDS 70b a 2018, wadda ke cikin ratar faifan tauraronta.

Ɗalibin digirin digirgir:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara da matsalar da har yanzu ake kai ruwa rana a kanta. Ƙwayoyin ƙura, waɗanda ba su fi na hazon hunturu girma ba, suna mannewa da juna har su kai girman tsakuwa, amma daga nan sai su riƙa farfashewa ko su yi tsalle idan sun yi karo. Bugu da ƙari, iskar gas ɗin faifan tana zagayawa a hankali fiye da duwatsun, sai ta riƙa rage musu gudu, ta yadda dutse mai faɗin mita ɗaya, a nisa irin na duniyarmu da rana, zai iya faɗawa cikin tauraron cikin kusan shekara 100. Gas ɗin kansa yakan watse cikin ƴan miliyoyin shekaru, kuma duniya irin Jupiter dole ta tara nata kafin nan. Wannan ɓangaren na lissafi ne da kwaikwayo a kwamfuta, kuma ana iya fara shi da ƙananan gwaje-gwaje a gida.

Injiniya, Lugbe:
Da girmamawa, Malam, ina ganin an sauƙaƙa lamarin fiye da kima. Bayanan ALMA na tauraro ɗaya kan kai gigabait masu yawa, kuma tace su da manhajar CASA na bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa, ga tsadar data. Shawarata ga ƙanwata ita ce ta fara da jadawalin taurari na 2022 na Gaia, kumbon da ya auna matsayi da motsin taurari, inda za ta iya zaɓo taurarin yanki ɗaya kawai, ta tantance waɗanda ke tafiya tare, ta ƙiyasta shekarunsu. Ta kuma sa ido kan sanarwar makarantar horar da matasan masana taurari ta PASEA, wadda aka fara a nan Abuja a 2013.

Malamin jami'a, Abuja:
Gaskiyarka, Injiniya, na amince Gaia ta fi dacewa da mafari. Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne mai duba aiki, domin ɗalibar da ba ta da wanda zai gaya mata cewa tambayarta ta yi faɗi za ta iya ɓata shekara guda a banza. Ƴata, ki tuntuɓi cibiyar binciken sararin samaniya ta hukumar NASRDA da ke Nsukka, kuma idan za ki rubuta musu, ki haɗa da zane ɗaya da kika fitar da kanki daga bayanan Gaia na taurarin yankin Taurus, inda HL Tau yake.