EL34 ya yi jawur bayan wata takwas: tsufa ne ko ciwon yana cikin ampili?

Yaron Katako, Yamai

Assalamu alaikum manyanmu. An kawo shagonmu ampilin jita mai lamp, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti irin na tsofaffin rediyo, na wat 50, na wasu samari masu kiɗan biki. Manyan lamp ɗinsa biyu ne, EL34, ƙanana uku, ECC83. Wata takwas ke nan da saka masa manyan sababbi. Yanzu in an kunna shi, cikin minti goma ko sha biyar sai farantin na dama, wato babban ƙarfen da ake hangowa cikin gilashinsa, ya yi ja kamar garwashi, bafil (lasifika) ya ɗauki gurnani, ƙaramin fizibil na 500 mA ya tsinke. Masu shi sun ce jabu aka sayar musu. Suna kiɗa dare uku a sati, kamar awa biyar kowane dare, galibi da gurup, wato janareto. Aikinmu a nan na tiranzisto ne, shi ya sa nake tambaya: awa nawa lamp ke yi kafin ya mutu? In saka sababbi kawai, ko akwai abin da zan duba tukuna?

Baba Mai Rediyo, Yamai

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka saka sababbi tukuna. Yi lissafi: awa 15 a sati, wata takwas, abin bai wuce awa 500 da ɗoriya ba. EL34 da ake gasa wa aiki a ampilin jita yakan kai awa 1000 zuwa 2000, wanda ake lallaɓawa a ɗaki kuma ya fi haka nesa. Ƙananan irin ECC83 suna iya kai wa awa dubu 10. Saboda haka wannan ba mutuwar tsufa ba ce.

Ita mutuwar tsufa a hankali take zuwa. Katod ɗin da ke tsakiyar lamp an shafe shi da garin bariyom da sitironsiyom, filama, wato zaren wayar da ke cikinsa, na gasa shi har wajen digiri 800, shi ke fitar da elektoron. Da tafiyar lokaci shafen nan yana ƙarewa. Abin da kunne zai ji: ƙarfi ya ragu, bas ya yi laɓo-laɓo, sauti ya dushe kamar an rufa wa bafil bargo. Tsohon lamp kasala yake yi, ba ja ba. Wanda ya yi ja kuwa kuran (wutar lantarki) ne ya yi masa yawa, wato abin da ke riƙe masa linzami ya saki.

Linzamin shi ne biyas, ƙarfin nan na ƙasa da sifiri da ke zaune a giril ta farko, wato ragar waya da ke tsakanin katod da faranti, ƙafa ta 5 a gindin lamp. A irin wannan ampili yakan kasance tsakanin −35 da −42 volt. In ya ragu, ko ya ɓace, faranti zai sha kuran fiye da wat 25 da aka ƙayyade wa EL34, ya yi ja.

Kafin ka sa hannu ciki, ka san akwai volt 400 zuwa 500 a manyan kondo masu tara wuta, kuma suna riƙe shi ko bayan an cire fulogi. Wannan ba irin volt 40 na tiranzisto ba ne, yana kisa. Ka sauke su ta rezistans na 100k wat 5 zuwa jikin shasi, wato ƙarfen da aka ɗaura kayan ampili a kai, ka auna da mita har ka ga ƙasa da volt 10. Lokacin awo da wuta kuma, baƙar wayar mita a maƙale a shasi, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan a aljihu.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Yi wa lamp ɗin alama, ka musanya musu mazauni, ka kunna da bafil a haɗe kana kallo a wuri mai ɗan duhu, yatsanka kan makunni. In jan ya bi lamp ɗin zuwa hagu, laifin lamp ne. In ya tsaya a mazaunin dama, lamp ba shi da laifi, kuma duk sabon da ka saka nan zai bi ɗan'uwansa. Kada ka bari jan ya kai ga tsinke fizibil, da ka ga ya soma ka kashe.

Na biyu, cire manyan duka biyu, ka kunna, ka auna ƙafa ta 5 a kowane mazauni. Kada ka tsaya ga awon farko, ka bar shi minti goma sha biyar kana duba mita. Ka auna ƙafa ta 3, ta faranti, da ta 4, ta giril ta biyu, su ma, da filama tsakanin ƙafa ta 2 da ta 7, da kuran da ke shigowa. Ka kawo mana lambobin.

Usta Tawa, Tahoua

Gaskiya Baba ya faɗi. Ni abin da zan ƙara shi ne abubuwan da ke cin lamp a ƙasarmu, don awannin da ake rubutawa a takarda ba da zafin Afrilu da Mayu na Tawa ko Yamai aka auna su ba.

Na farko kuran. An yi filama don volt 6,3, kuma ana son kada ya kauce fiye da kashi 5 cikin ɗari, iyakarsa kashi 10. Ƙarfinsa kuwa yana bin na shigowa sau da ƙafa. Ampilin da aka saita a 220, in gurup ya ba shi 245, filama zai sha volt 7, katod ya yi zafi fiye da kima, shafensa ya riƙa ƙonewa da wuri. Wanda aka saita a 230 kuma, in kuran gari ya faɗi zuwa 190 da yamma, filama zai samu 5,2 kawai. Mutane na ɗauka ƙarancin ba ya lahani. Yana yi: katod mai sanyi da ake tilasta wa aiki yana gurɓata. Ƙananan gurup na haya su suka fi muni, domin da an kashe wani kaya mai nauyi a kansu sai ƙarfin ya yi tsalle.

Na biyu zafi da ƙura. Gilashin EL34 iyakarsa digiri 250 a inda ya fi zafi, kuma ko a ƙasa mai sanyi ba ya nesa da hakan in ana aiki. To ina ga an jingina bayan ampili da bango, an ɗora masa jaka, ana digiri 42 a waje? In ƙarafan ciki suka yi zafi fiye da kima sai su saki iskar da ke maƙale jikinsu, kuma lamp da iska ba sa zama wuri ɗaya. Ƙyallin nan mai kama da madubi a saman gilashi, bariyom ne aka fesa don ya shanye ragowar iska. Muddin yana ƙyalli ko ya yi duhu-duhu, lafiya. In ya zama fari kamar alli, gilashi ya tsage, iska ta shiga, lamp ya gama. Haske shuɗi a jikin gilashi ba ciwo ba ne, kada a jefar da lamp saboda shi. Amma haske mai ruwan hoda can ciki tsakanin ƙarafa, wannan iska ce. A bar tazarar taki ɗaya tsakanin ampili da bango, a sa masa ƙaramar fanka daga baya.

Ƙurar hunturu kuma tana taruwa a mazauni, damina ta zo ta jiƙa ta. Ƙafa ta 3 mai ɗauke da volt ɗari huɗu da wani abu maƙwabciyar ƙafa ta 2 ce ta filama. Da tartsatsi ya yi tsalle tsakaninsu sau ɗaya, zai bar baƙin layin gawayi, kuma gawayi na wuce kuran. Irin wannan mazauni ba a kankare shi, canzawa ake yi, kuma na tangaran ya fi.

Na uku, wanda masu kiɗa suka fi yi: kunna ampili ba bafil, ko wayar bafil ta zare ana tsakiyar kiɗa. Ampilin tiranzisto ba ruwansa da wannan, amma mai lamp tiransfon fitarwarsa zai maido da ƙarfi mai yawan gaske kan farantai, ya fasa lamp ko ya ƙone tiransfon kansa, wanda ya fi komai tsada da wuyar samu. Bafil na om 16 a sa shi a 16, na 8 a 8. Kuma ƙanena, ka duba ko an taɓa naɗa wa fizibil waya. Fizibil ɗin nan na 500 mA shi ya ceci tiransfo har yau.

Yaron Katako, Yamai

Na gode Baba, na gode Usta. Na musanya su, jan ya tsaya a mazaunin dama. Da na cire manyan: ƙafa ta 5 ta hagu −38, ba ta motsa ba. Ta dama ta fara da −37, bayan minti goma sha biyu ta koma −21. Ƙafa ta 3 volt 470 a duka biyun. Maɓallin baya na zaɓen ƙarfin kuran yana kan 220, na je na auna gurup ɗin da suke haya, 243 yake bayarwa. Mazaunan ba baƙi, fizibil na gaske ne.

Baba Mai Rediyo, Yamai

Madalla ɗana, ka kama ɓarawon. Kondon haɗi ne, ƙaramin nan da ke tsakanin farantin ECC83 na ƙarshe da ƙafa ta 5 ta dama, galibi 0,022 µF. Aikinsa ya wuce da sauti ya tare kuran tsaye. In ya tsufa sai ya riƙa yoyo, yoyon kuma na ƙaruwa da zafi, shi ya sa sai an yi minti goma ciwon ke tashi. Volt ɗari biyu da wani abu na ɗaya gefen ke tsiyayowa yana cinye biyas. Mita ba za ta nuna maka wannan ba in ka auna kondon a sanyi. Don ka tabbatar, ɗaga ƙafarsa ta wajen giril, ka kunna: in −38 ta dawo ta zauna, shi ne.

Canza su duka biyu, na dama da na hagu, da masu ɗaukar volt 630. Sannan ka auna rezistans na 220k biyu da ke kawo biyas, da rezistans na giril ta biyu a ƙafa ta 4, wanda a ampilin EL34 yakan zama 1k wat 5. Lamp da ya yi ja yakan gasa shi, ya tsage ko darajarsa ta canza. Ƙananan kondon biyas su ma in sun tsufa a canza su, ka lura ƙafarsu mai alamar + ita ke zuwa shasi, saɓanin yadda ka saba.

Lamp ɗin da ya yi ja sau da yawa ba abin dogaro ba ne ko da yana aiki, kuma gwajin musanya ya ɗan gasa ɗayan. A sayi biyu da aka auna tare suka dace. Ga yadda za ka saita su. Sa rezistans na om 1 tsakanin katod, ƙafa ta 8 da ke haɗe da ta 1, da shasi a kowane mazauni. Duk milivolt ɗaya da ka karanta a kansa miliampa ɗaya ne. Juya potansiyon biyas, wato abin murzawar da ake saita shi da shi, zuwa inda lambar ƙasa da sifiri ta fi girma kafin ka saka lamp. Kunna da bafil, sauti a rufe, auna ƙafa ta 3 da lamp a ciki, domin za ta sauko daga 470. A ce ta zauna a 450. Kashi 70 cikin ɗari na wat 25 shi ne 17,5, a raba da 450, ya ba da 39 mA. Wannan shi ne rufi. Kashi 60 kuwa 33 mA ne. Don zafin Yamai da gurup, ni ina ganin a tsaya tsakanin 32 da 35. Mai jita ba zai ji bambanci a filin biki ba, lamp kuwa zai ji. Bambancin lamp biyun kada ya wuce 5 mA. Bar shi rabin awa ka sake aunawa, in ɗaya na ta hawa ba ya tsayawa, wannan lamp ɗin na da iska.

Hajiya Injiniya, Yamai

Sannunku da aiki. Baba, a ba ni izini in ƙara kan maganar kuran. Kada a ce mayar da maɓalli 240 ya wadatar. Da gurup mai 243 zai yi daidai, amma ranar da aka sa shi a kuran gari mai 200, filama zai faɗi ƙasa da 5,3. Abin da ya dace shi ne regilato na 1000 VA wanda ke fitar da 220, a bar maɓalli a 220, kuma a saita biyas ɗin ampilin yana kan regilaton. Biyas da aka saita a kan wani ƙarfi ba ya nan daidai a kan wani.

Sai maɓallin jira, wato standby, wanda ke barin filama na ɗumama alhali ampili ba ya fitar da sauti. Masu kiɗa na barin ampili a kansa awa biyu, uku, wai suna hutar da lamp. Katod da ke gasuwa ba ya fitar da kuran na tsawon lokaci yakan yi wani ɓawo tsakanin ƙarfensa da shafensa, ƙarfin lamp ya ragu. Daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya ya isa ɗumama. In hutun ya wuce rabin awa a kashe gaba ɗaya. Bayan an tashi kuma a bar shi minti goma ya huce kafin a ɗora shi a babur ko bayan mota, don ƙarafan ciki suna da laushi in suna da zafi, girgiza na iya haɗa giril da katod.

Ƙananan ECC83 kada a taɓa su in ba su yi laifi ba. Ciwonsu daban ne: shuuu, ƙaƙas-ƙaƙas, ko su zama kamar makirfo. Ƙwanƙwasa kowanne a hankali da ɗan tsinke, sauti a buɗe kaɗan. Ɗan amo kaɗan a na farko ba komai, amma wanda ya yi ƙara kamar ƙararrawa ko ya fara kuka shi ne mai ciwo. Su ba sa bukatar saiti, cirewa ne a saka. Sau da yawa ma datti ne a ƙafafu, a fesa maganin wanke kontak, a zare a mayar sau uku.

Wajen saye, ɗan'uwa, masana'antun da suka rage ba su da yawa: JJ a Sulobakiya, ta Saratov a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol na yanzu, sai na Sin. Tun ƙarancin da aka yi a 2022 kuɗinsu ya tashi, shi ya sa ake goge tsofaffi a sa su a sabon kwali. Duba ƙafafu ko akwai shaidar an taɓa saka su, duba ƙyallin saman, duba ko rubutun jikin gilashi ya ƙone ya koma ruwan ƙasa. Biyun da aka auna tare kuwa za ka ga lamba iri ɗaya a rubuce a kwalayensu. Kuma kada wani ya ce ka saka 6L6GC a madadin EL34 don mazauninsu ɗaya: biyas ɗinsa ya fi zurfi, yakan kai wajen −50, sai an gyara da'irar tukuna.

Yaron Katako, Yamai

Na ɗaga ƙafar kondon, −38 ta zauna rabin awa ba motsi. Rezistans na 1k na dama ya tsage, yana nuna 1,6k. Gobe in sha Allah zan canza kondo biyun da rezistans biyun, lamp kuma sai an kawo daga Kano. Allah ya saka da alheri.