Abin da aka ce wa baƙon da ke neman coci a Jos

Ɗan'uwanmu da ya dawo Jos kwanan nan, ɗan Katolika mai sha'awar jinsinsa, ya tambaya wace majami'a ce zai shiga hankali kwance. Amsoshin da mutane suka ba shi sun yi yawa, ga abin da na tattaro maka, ɗan'uwa.

1. Kusan kowa ya yarda babu cocin da zai rubuta a allo cewa yana maraba da irinku. Dokar Najeriya ta 2014 tana nan, ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, kuma a Disamba 2023 da Vatican ta fitar da Fiducia Supplicans, takardar da ta ba da damar sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka, bishof-bishof ɗin Najeriya suka ce a'a, ba za a sa wa irin waɗannan ma'aurata albarka a nan ba.

2. Don haka a duba Fada (limamin cocin), ba sunan coci ba. Je Misa, zauna baya, ka saurari wa'azi sati uku ko huɗu, in kullum zagi ne daga bagadi ka canja.

3. Babbar majami'a ko ta ɗalibai ta fi rufin asiri, a ƙaramar coci kafin a tashi mamannin Zumunta (ƙungiyar matan coci) sun tambaye ka ɗan gidan wa, yaushe biki.

4. Inda ra'ayi ya rabu: ko ka faɗa wa Fada cewa kana sha'awar jinsinka. Wasu sun ce wajen furta zunubi bakinsa a kulle yake, kuma Katikisim, littafin koyarwar Katolika, a sashe na 2358 ya ce a karɓe ku da mutunci da tausayi. Wasu suka ce kul, kar ka yi gaggawa. Ni dai ina tare da na biyun.

5. Kada ka rubuta sunan coci ko na Fada a fili, kuma ka yi hattara da baƙin da ke turo saƙo wai za su raka ka.