Muhawara: Ƙafewar Tafkin Chadi ce ta haifi Boko Haram?

Ɗan Kukawa: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a nan na tsaya: da Tafkin Chadi bai ƙafe ba, da wannan bala'i bai same mu ba. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka cinye kusan kashi tara cikin goma. Masunci ba kifi, makiyayi ba ciyawa. Saurayin da ya rasa na tuwo, wanda duk ya miƙo masa bindiga da kuɗin aure zai bi shi. Ko Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci sauyin yanayi a ƙudurinsa na 2017 kan yankin.

Malama 'Yar Diffa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙirga shekarun mana. Tafkin ya fi ƙafewa a tsakiyar shekarun 1980, wuta kuwa sai 2009 ta kama, kuma a cikin birnin Maiduguri, inda aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram. Masu zama a gaban wa'azinsa mazauna birni ne, har da 'yan makaranta. Sannan tun shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, hotunan tauraron ɗan adam sun nuna haka.

Tsohon Masunci: 'Ya'yana, ku bari wanda ya sha hayaƙin banda ya sa baki. Na fi shekara ashirin a Doron Baga. Da ruwa ya ja baya, bin sa muka yi. Inda ya janye sai ya bar ƙasa baƙa mai danshi, ka jefa masara da wake su fito ba taki. Mutum guda sai ya yi su, ya yi noma, ya ɗaure 'yan awaki. Saboda haka ma mutane suka yi ta kwararowa, Kabawa da Sakkwatawa da Jukunawa, har daga Mali. Wasunmu sun bi ruwan har Darak, ashe ƙasar Kamaru ce, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 sannan Najeriya ta janye. Manyan motoci na ta jidar banda zuwa Onitsha da Legas. Ni ban bar Baga don ruwa ba. Na bar ta a Janairun 2015, da ƙafa, ina goye da jikata.

Malama 'Yar Diffa: Allah ya saka maka, Baba. Haka abin yake a wajenmu. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilun 2015, hukuma ta sa aka kwashe mutanen tsibirai. Aka hana cinikin kifi da tattasai, aka hana hawa babur, don a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Tattasan nan shi ne arzikin bakin kogin Komadugu. Na san gidajen da suke ba da zakka, suka koma layin karɓar tsaba a sansani. Yau masuncin da ya koma tsibiri, haraji yake biyan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, kafin ya jefa koma. Gwamnati ta rufe ƙofa, su suka buɗe tasu, wannan ne yake ci mini rai.

Ɗan Kusseri: Malama, ku yi mini afuwa, amma kada a wanke muhalli tas. A 2021, a Logone Birni ta Kamaru, Musgum masu su da noma sun haƙa ramuka don tare ruwa da kifi, shanun Larabawan Shuwa suna faɗawa suna karyewa. Daga nan faɗa ya tashi har ya iso Kusseri, aka ƙona ƙauyuka, dubun dubatar mutane suka ƙetare kogi zuwa Chadi. Babu ɗan Boko Haram ko ɗaya a wannan rigimar.

Tsohon Masunci: Gaskiyarka, ɗana. Da can bulama da sarkin ruwa ke zaunar da irin wannan kafin jini ya zuba. Yanzu su ma suna gudun hijira, bindiga kuma ta yi arha.

Ɗan Kukawa: Na yarda, Baba, na yi gaggawa da na ce ƙafewar tafkin ce ta haifi Boko Haram. Amma ta shirya musu shimfiɗa. Shi ya sa nake goyon bayan a jawo ruwa daga kogin Kongo, kamar yadda aka tattauna a taron Abuja na 2018.

Injiniyan Haɗeja: Yayana, kafin mu je Kongo mu duba gida. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, namu na Komadugu Yobe kaɗan ne, amma shi ke raya Nguru da Gashuwa da Diffa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza yadda yake sauka, ciyawar kachalla ta toshe magudanai. Ga aikin ban ruwa na New Marte, an haƙa manyan magudanai, tafki ya ja baya ya bar su a bushe. Kuma a Satumbar 2024 ruwa ne ya kori mutanen Maiduguri daga gidajensu da madatsar Alau ta ɓalle. Damina ce ta rikice, bana ambaliya, baɗi fari.

Tsohon Masunci: Injiniya, ni ruwan da ke nan ma ya ishe ni. Shekaru ke nan ina Maiduguri, komata na rataye a ɗaki, kuma yaran da na koya wa su suna tura baro a Kasuwar Monday. Ku tambayar mini masu iko yaushe mutum zai ɗauko kwandon banda daga Baga ba tare da ya biya mai bindiga a kowace mararraba ba.