Wai me ya sa sojojin jiki ba sa kashe ƙwayoyin kansa?

Ɗalibar_jinya:
Salam 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min, an koya mana cewa sojojin jiki irin su T sel suna gane ƙwayar da ta lalace su kashe ta, to in haka ne ya akai ƙari yake girma a gabansu suna zuba ido? Kaina ya ɗaure wlh.

Mai_lab:
Wa'alaikis salam. Ai ba zuba ido suke ba ƙanwata, birki ake taka musu. A jikin T sel akwai wani furotin mai suna PD-1, amfaninsa kar su wuce gona da iri su auka wa lafiyayyen nama. Sai ƙarin ya fito da wani furotin mai suna PD-L1 a fuskarsa, biyun nan na haɗuwa saƙo ya shige cikin T sel ɗin cewa ta dakata, nan take jikinta ya yi sanyi. Abin da har yau yake ban mamaki shi ne sinadarin interferon gamma da ita T sel take fitarwa lokacin faɗa, shi ke sa ƙarin ya ƙara yawan PD-L1 ta hanyar JAK da STAT, furotin ɗin da ke isar da saƙo a cikin ƙwaya. Da makaminta ake kwantar da ita kenan.

Tsohon_hannu:
Haka ne, amma fa ba PD-1 kaɗai ba. Ƙarin yana zubo da TGF-beta da IL-10, sinadarai masu rage wa sojojin jiki ƙarfi, a kewayensa, yana janyo T sel masu tsawatarwa da ake kira Treg su zo su hana 'yan uwansu aiki, da ɗan gari akan ci gari. Ga kuma CD47, tambarin "kar ka cinye ni" da jajayen ƙwayoyin jini ma suke ɗauke da shi, kansa sai ta yawaita shi makrofej, sojan jikin da ke cinye lalatattun ƙwayoyi, ya zo ya wuce ta abinsa.

Ɗalibar_jinya:
Ikon Allah. To ba a iya cire birkin ne?

Mai_lab:
Ana yi mana. Tasuku Honjo ne ya gano PD-1 a Japan a 1992, James Allison kuma ya yi aiki kan wani birkin daban mai suna CTLA-4, tare suka karɓi Nobel a 2018. Amurka ta amince da ipilimumab, maganin da ke cire birkin CTLA-4, a 2011 don kansar fata melanoma, pembrolizumab da nivolumab masu cire birkin PD-1 suka biyo a 2014. Sai dai gsky ba kowa suke yi wa aiki ba, wani ƙarin T sel ba sa ma samun shiga cikinsa balle a ce a sake su, kuma in birki ya tashi wani lokacin sojojin kan juya kan hanji ko huhu ko fatar shi majinyacin, sai an dawo ana ba shi sitiroyid don a lafar da su.