Musayar Waƙa a Kan Hasumiyar Hassan ta Rabat

Tsohon Magini, Zariya:

Assalamu alaikum. Makon jiya muka dawo daga ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. A hanyar dawowa aka biya da mu Rabat, babban birnin Maroko, aka tsayar da mu gaban wata hasumiya da suke kira Hasumiyar Hassan. Shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da cokalin gini, amma tun da na dawo ginin nan ya hana ni sakat. Ga abin da ya zo mini. Duk mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "ba".

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Shi ya ɗaga sama babu abin tokarawa,
Salati ga Manzo abin yabawa,
Wanda bai bar saƙonsa a rabi ba.

Daga Fas muka taso bayan ziyara,
Muka ya da zango Rabat mu sarara,
Sai ga jan dutse an jera da dabara,
Irin da idona bai taɓa gani ba.

Na ɗaga kai har hulata ta faɗi,
Ga tsawo, ga zane, ga kauri, ga faɗi,
Sai dai kanta a yanke, abin ba daɗi,
Ba a ɗora mata ƙubbarta ba.

Na kai hannuna na shafa bango,
Tsakanin duwatsun wuƙa ba ta da zango,
Na ce wa zai kira wannan kango?
Sai wanda bai san gumin gini ba.

Ginshiƙai sahu-sahu sun cika fili,
Kamar mamu na jiran liman a misali,
Babu rufi a kansu, ina dalili?
Masana ku faɗa, ni ban sani ba.

Malamin Tarihi, Katsina:

Wa alaikumus salam Baba, barka da hanya. Mai wannan aiki shi ne Abu Yusuf Yakubu Almansur, sarkin daular Muwahhidai, wanda ya yi mulki daga 1184 zuwa 1199. A 1195 ya ci Alfonso na takwas, sarkin Kastila, a yaƙin Alarak a Andalus, cikin Sifaniya ta yau. A shekarun nan ne aka duƙufa kan gina birnin da ya kira Ribaɗul Fathi, wato sansanin nasara, daga nan sunan Rabat ya fito. Hasumiyar ta masallaci ce, masallacin da ya shata kuwa ya kai kimanin mita 183 a tsawo da 139 a faɗi. Da ya rasu a 1199 aiki ya tsaya, hasumiya tana kan mita 44.

Barka da sauka Baba magini,
Allah ya karɓi ziyara, ya ƙara imani,
Tambayarka na ji, ga ɗan bayani,
Ban ce na fi ka sanin gini ba.

Sarki Yakubu, Almansur laƙabinsa,
Daga Marakesh har Ishbiliya ikonsa,
Ruwan teku na ratsa tsakiyar ƙasarsa,
Bai hana shi ƙetarawa ba.

A Alarak aka gwabza ya sami nasara,
Alfonso ya tsere da ɗimbin asara,
Gaɓar kogin Buragrag na Rabat aka kai bushara
Ta masallacin da ƙasar Magrib ba ta taɓa yi ba.

Ana cikin aiki, ana ɗora dutse,
Sai ajali ya zo, zance ya katse,
Masassaƙa da lebura duk suka watse,
Magadansa ba su ɗora a kai ba.

Mai Wa'azi, Damagaram:

Malam ya ba da tarihi, Allah ya ƙara sani. Ni abin da kunnena ya ji a ciki gargaɗi ne.

Ina mai runduna, ina mai taska?
Dogon burinsa ya tashi ya bi iska,
Ƙasa ta rufe ido, ta rufe fuska,
Bai ji kiran salla a kanta ba.

Duniya rumfar kara ce 'yan'uwana,
Mai shiga cikinta baƙo ne na kwana,
Mita 44 ga su tsaye a rana,
Ba su ƙara masa ko sa'a guda ba.

Tsohon Magini, Zariya:

Allah gafarta Malam, mutuwa gaskiya ce, kuma ni na fi kusa da ita a cikinku. Amma ina roƙo kada a haɗa ginin nan da kangayen da muka sani. Na taɓa yin aikin wani ƙaramin asibiti a ƙauye. Mai kwangilar ya ce buhun siminti ɗaya sai ya fitar da bulo sittin. Na ce masa ba zai yi ƙarko ba, ya ce ko in yi ko in ajiye cokali. Ina da iyali, na yi. Muna kaiwa linta kuɗi suka yanke. Bayan damina uku hanya ta bi da ni ta wurin, na tsaya na murza bulon da na ɗora da hannuna, yana zuba kamar garin kwaki, awaki na kwance a ɗakin da aka ce na haihuwa ne. Har yau abin yana cin raina. Shi ya sa da na shafa bangon Rabat idona ya kawo ruwa.

Allah gafarta, na karɓi batunka,
Mutuwa na bayana, tana bayanka,
Amma je Rabat ka kai hannunka,
Ka ji aikin da ba a ci amana ba.

Wani gini ya tsaya don an cinye kuɗinsa,
Wani ko ajali ya ɗauke ubangidansa,
Kowane bango na faɗin labarinsa,
Magini ba zai kasa ji ba.

Wanda ya sassaƙa dutsen ya yi gaskiya,
Wanda ya ja igiya ya tsani ƙarya,
Sunansu ya ɓace a bakin duniya,
Layin da suka ja bai karkace ba.

Shekara ɗari takwas ruwa na dukanta,
Iskar teku da gishiri na lasarta,
Rana ta fito ta faɗi a kanta,
Ko kusurwa ɗaya ba ta sunkuya ba.

Malamin Tarihi, Katsina:

Baba yana da shaida ma da bai sani ba. A 1755 aka yi girgizar ƙasar da ta rusa Lisbon, babban birnin Fotugal, ta taɓa Maroko sosai. Abin da ya rage na masallacin ya zube, hasumiya ta tsaya. Ginshiƙan da Baba ya gani a jere, a ƙarni na 20 aka sake ta da su. Sannan cikin hasumiyar babu matakala, hanya ce mai hawa a hankali tana zagayawa, ana cewa don ladan ya iya hawa a kan doki.

Girgizar da ta bar Lisbon a rushe,
Ta ƙetaro ruwa ta iso daga ƙarshe,
Ginshiƙai suka kwanta, fili ya toshe,
Hasumiya ko ba ta durƙusa ba.

A cikinta babu tsani, sai dai hanya,
Tana hawa sannu tana kewaya,
Don ladan ya hau bisa doki ba wuya,
Dokin da har yau bai hau ba.

Su uku ne tsatso guda, 'yan gida,
Kutubiyya a Marakesh ce uwargida,
Ta Ishbiliya yau sunanta Hiralda,
Autar ce kaɗai ba a gama ba.

Kutubiyya har gobe ana kiran salla a cikinta. Ta Ishbiliya, wato Sevilla ta Sifaniya, an kammala ta a 1198, amma birnin ya fita hannun Musulmi a 1248, masallacin ya koma majami'a, daga baya aka ɗora ƙararrawa a kan hasumiyar. Duk sanda na zo wannan gaɓa a aji nakan ɗan yi shiru.

Inna ta Agadas:

Sannunku da hira. Yaya magini, labarin asibitin nan ya taɓa ni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni a gindin hasumiya na tashi, bari in sa baki.

Tamu ta Agadas ta laka ce, Yaya,
Mita 27, itace ya fito gaba da baya,
In ruwa ya zaizaye ta a kira gayya,
Ba mu bar ta ta kwana da rauni ba.

Ba ta kai ta Rabat ƙarfin jiki,
Amma kullum akwai goshi a ƙasa a ciki,
Yaro da tsoho, mai raƙumi da mai jaki,
Ba a taɓa rufe ƙofarta ba.

Abin da ya sosa mini rai a hira,
Sahun ginshiƙan nan da ke ta jira,
An yi alwala, an tsaya, an daidaita, an jera,
Liman bai zo ya ta da kabbara ba.

Ɗalibi, Kumasi:

Iyayena ku yi mini afuwa, baiti ɗaya ne da ni.

Na ji Yakubu, na ji Almansur a baki,
To ina Hassan ya shigo cikin aiki?
Na ɗauka Hassan na biyu ne, sarki,
Malam ka warware, ban gane ba.

Malamin Tarihi, Katsina:

Ɗana, sunan hasumiyar ya girmi Sarki Hassan na biyu da ɗaruruwan shekaru, sai dai Allah ya ƙaddara a gefenta zai kwanta. Amsarka da ta Inna a haɗe suke. A 1953 Faransawa suka tuɓe mahaifinsa, Sarki Muhammadu na biyar, suka kai shi tsibirin Kosika, daga nan Madagaska. Mutanen Maroko suka ƙi yarda da wanda aka naɗa a madadinsa, har aka dawo da shi a Nuwamban 1955, ƙasar ta sami 'yanci a 1956. Bayan dawowarsa, a wannan fili ya yi sallar Juma'a tare da jama'arsa. Ya rasu a 1961, ɗansa Hassan ya gina masa hubbare a ƙarshen filin, aka kammala a 1971, shi ma aka sa shi a ciki a 1999.

Inna ki share hawaye, an yi salla,
Sarkin da aka kora ya dawo da ikon Jalla,
Jama'a ta cika fili, ana ta ƙwalla,
Ba a tambayi ina rufi ba.

Sahun da Yakubu ya shata da igiya,
Ya jira ƙarni bakwai da ɗoriya,
Ran nan kafaɗa ta haɗu da kafaɗa a tsakiya,
Ginshiƙai ba su tsaya su kaɗai ba.

Mai Wa'azi, Damagaram:

Baba magini, na ji, kuma na karɓa.

Na kira shi buri, ka kira shi amana,
Masallaci ya nufa, ba gidan kwana,
Allah ya ba shi ladan niyya, da su da mu duk ya gafarta mana,
Ban janye batun mutuwa ba.

Tsohon Magini, Zariya:

Amin, Allah gafarta. Malam na gode, yanzu na san abin da na gani. Hubbaren nan mun shiga, ban san ko na wane ne ba sai yau.

Dogarai biyu bisa doki a ƙofa,
Farin hubbare, koren rufi, an ƙawata kowace kafa,
Daga bene muka leƙa, muka jingina muka dafa,
Mai karatu na zaune, bai ɗago ba.

Alƙur'ani yake ja da irin muryarsu,
Warshu ce, irin ta allonmu da nasu,
Na bi shi a zuci har na gane ayarsu,
Ban nemi mai fassara ba.

Na fito na koma gindin hasumiya,
Na auna gefe guda da taku, na ƙirga ashirin da ɗaya,
Direba na ta kira, an cika mota, ana jiran tafiya,
Ni ko ban gama duba kusurwa ta huɗu ba.