Haɗa kuɗi a sayi abincin dabbobi tun da kaka: wa ya taɓa yi, ya ta kaya?

Mai turka, Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu takwas ne a layinmu muke turka raguna don Babbar Sallah, bana kuma muna son mu haɗa kuɗi mu sayi harawa da ƙowa da dusa tun da kaka. Kun dai ga yadda Sallah ke ta matsowa cikin bazara, ta 2024 ran 16 ga Yuni, ta 2025 ran 6 ga Yuni. Ke nan lokacin da rago ya fi buƙatar ci, lokacin ne damin harawa ya fi tsada. Kuɗin za su haɗu in Allah ya yarda. Wanda za mu ɗora a gaba shi ne ya hana ni barci. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari, mai daɗi ko mara daɗi.

Dattijo, Gwammaja:
Wa alaikumus salam ɗana. Mu larura ce ta haɗa mu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, sai ya zama mutum ɗaya in ya je Dawanau ɗauko buhu uku, kuɗin dako ya cinye rangwamen da ya samo. Shi ya sa muka cika mota guda mu goma sha ɗaya. Harawa kuwa ƙauyukan wajen Bichi muka bi, gona gona, tun tana kore shar.

Wanda muka sa a gaba tsohon malamin firamare ne, ba ya cikin masu dabbobi da yawa, tumaki huɗu gare shi. Duk ranar da aka kashe ko naira ɗari ce, bayan Isha'i sai ya tsaya a ƙofar masallaci ya buɗe littafi ya karanta, har kuɗin shayin direba. Da farko mun ga kamar ya cika tsanani. Ranar rabo kuma shi ne na ƙarshe, gindin buhu mai ƙasa da tsakuwa shi yake kwasa.

Abin da ba na mantawa, akwai buhun dusa biyu da raɓa ta taɓa a shago, suka dunƙule suka yi funfuna. Kafin kowa ya buɗe baki ya ce a rubuta su a kasonsa, tun da shi ya zaɓi shagon. Muka ce a raba asarar, ya ƙi. A juji ya zubar da su, bai ba dabba ba. Da shekara ta zagayo, mutanen layin bayanmu da kansu suka zo neman shiga.

Uwargida, Ɗorayi:
Baba, Allah ya ƙara muku irinsa. Mu kam mun sha wuya. Mutum ɗaya muka ba kuɗi, shi ke sayowa, shi ke riƙe da makullin shago. Ashe wajen surukinsa ya karɓo dusar. Da na zuba a kwano na sa hannu, rabi ƙaiƙayin shinkafa ne, yana sukar yatsa. Akuyata mai ciki ta shinshina ta juya kai. Da muka yi magana sai aka ce mata ba sa zuwa taro, mu aiko mazajenmu. To don Allah wa yake tashi da asuba ya jiƙa dusa da kanwa, wa yake share turke? Awakin da ke cikin gidajen unguwarmu yawancinsu na mata ne. Ɗan'uwa na Kurna, in akwai matan da kuɗinsu ke ciki, ku ba su wakiliya da za ta ga littafi da idonta. Mu yanzu adashi muke yi mu shida, mai ajiyar kuɗi daban, mai makulli daban, kuma ba a biya sai biyu daga cikinmu sun taɓa kayan.

Mai kaji, Hotoro:
Ni dai ku duba wurin ajiya kafin ku duba shugaba. Gara da ɓera sun ci mana masara fiye da yadda wani mutum zai ci. A ɗora buhu kan katako, kada ya taɓa bango, harawa kuma a inuwa, nesa da madafa.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Tarauni:
Ku haɗa da rigakafi a lissafinku. Cutar nan ta majina da zawo da muke kira PPR, rago ɗaya da aka sayo Wudil ran Juma'a ko Dambatta ran Lahadi ya isa ya shafa wa layi guda. Na ga gidan da aka fitar da gawar awaki biyar cikin mako ɗaya. Allurar da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, a ƙanƙara ake riƙe ta, da an haɗa kuma 'yan sa'o'i take yi ta lalace. Mai rago biyu shi kaɗai asara zai yi, ku takwas kuwa daidai ne. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, wato KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya sa wa kuɗi, ya yi ta yin rigakafi kyauta, amma unguwar da na ga ta amfana sosai ita ce wadda wani ya bi gida gida ya rubuta yawan dabbobi ya kai wa mai unguwa tun kafin ranar. Sabon rago kuma a ware shi mako biyu.

Mai turka, Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, don biyu daga cikin takwas ɗin kuɗin matansu ne, kuma ban taɓa tunanin kiransu ba. Gobe bayan La'asar za mu zauna. Baba na Gwammaja, shagon da kuka kama, kuɗin hayarsa daidai kuka raba ko gwargwadon buhunan kowa?